Ku daina cewa ƙarfi ne kawai ya kai Serena Williams inda ta kai

Kwanan nan muna kallon wani tsohon wasan tenis na Serena Williams da aka sake haskawa, sai wani a cikinmu ya buɗi baki yace wai shi bai ga abun mamaki a nasarar matar nan ba, Allah ne ya ba ta jiki irin na maza ta shigo cikin 'yan mata masu siraran hannuwa ta dinga murƙushe su, shi kenan labarin. Abun da ya fi ɓata min rai shi ne yadda sauran suka gyaɗa kai kamar ya faɗi wata gaskiya da kowa ya sani.

Ni a wajena wannan magana raini ce aka naɗe ta da yabo. Ana cewa tana da ƙarfi ne dan kar a ce tana da basira. Matar da ta ɗauki manyan kofunan Grand Slam har 23 ita kaɗai, na farko a 1999 tana 'yar shekara 17, na ƙarshe a 2017 tana da 35, haba jama'a, wane irin ƙwanji ne zai riƙe mutum a sama tsawon wannan lokaci? Abun da ya ɗaga Serena horo ne da aka tsara tun tana ƙarama, da iya buga ƙwallo yadda ya kamata, da kuma wata irin zuciya da ba ta san karaya ba. Ƙarfin yana nan, amma shi ne ƙaramin abu a ciki.

Ga wanda bai cika bin tenis ba, manyan gasanni huɗu ne a shekara, su ake kira Grand Slam: Australian Open a Melbourne, French Open a Paris da ake bugawa kan jar ƙasa, Wimbledon a Landan kan ciyawa, sai US Open a New York. Serena ta ci ta Ostireliya sau 7, ta Faransa sau 3, Wimbledon sau 7, ta Amurka sau 6. An haife ta a 1981 a jihar Michigan amma a Compton ta tashi, kusa da Los Angeles, unguwar da a lokacin aka fi saninta da 'yan daba da harbe-harbe, kuma a filayen gwamnati na unguwar ita da yayarta Venus suka fara riƙe raket.

Toh ai da gaske tana da ƙarfin

Eh tana da shi, babu mai musun wannan. Amma a duba waɗanda ta yi zamani da su mana. Tsawon Serena mita 1.75 ne. Venus 1.85 ce. Maria Sharapova 1.88, Lindsay Davenport 1.89. A tenis tsawo jari ne babba, musamman wajen sabis, wato bugun farko da ake fara kowane maki da shi, dan dogo daga sama yake sauke ƙwallo ta tsallake raga cikin sauƙi. Kenan a cikin manyan 'yan wasan zamaninta Serena ba ta ma cikin dogayen.

Kuma lokacin da ta shigo, duka da ƙarfi ya riga ya zama yayi a wasan mata. Monica Seles ta riga ta buɗe wannan hanya, ga Mary Pierce, ga Jennifer Capriati, ga Davenport ɗin da ake cewa ƙwallonta nauyi gare shi. Dukkansu masu duka ne na gaske. Toh a lissafa: Davenport kofi 3, Capriati 3, Pierce 2, Sharapova 5. Ka haɗa su huɗun nan kofi 13 ke nan, har yanzu saura 10 su kamo mutum ɗaya. In ƙarfi ne ke ba da kofi me ya hana su?

Sannan wadda ta fi ba Serena wahala a tsakiyar shekarunta ita ce Justine Henin ta Beljiyam, 'yar mitsitsiya da ba ta kai mita 1.70 ba. A 2007 kaɗai sau uku a jere Henin tana fitar da ita a kwata fainal, a Faransa da Wimbledon da Amurka. Wannan ma ya isa ya nuna wa mai shakka cewa a tenis ƙwanji ba ya yanke hukunci.

Kuma gaskiya maganar nan ta "jiki irin na maza" tana da wari, kowa ya san daga ina ta fito. A 2014 shugaban hukumar tenis ta Rasha, Shamil Tarpischev, ya fito a talabijin ya kira Serena da Venus da sunan 'yan uwa maza, hukumar tenis ta mata WTA ta ci shi tarar dala 25,000 ta kuma dakatar da shi shekara guda. Baƙar mace ce a wasan da aka saba ganin farare, jikinta bai yi kama da wanda aka saba gani ba, sai aka ɗauki jikin aka mai da shi bayanin komai. Ina jin zafi in na ji mu ma baƙaƙen fata muna maimaita wannan magana ba tare da mun tsaya mun yi tunani ba.

Sabis ɗin nan da ake ta magana

Nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya, dan duk wanda yace ƙarfi, sabis ɗinta yake nufi.

Serena ba ita ce ta fi kowace mace saurin sabis ba. Mafi saurin da ta taɓa bugawa wajen kilomita 207 ne a awa, na Venus ya ɗara haka kaɗan, Sabine Lisicki ta Jamus kuwa ta haura 210 a 2014 kuma ba ta taɓa ɗaukar Grand Slam ko ɗaya ba. Amma ka tambayi masana wasan waye ya fi iya sabis a tarihin mata, yawancinsu sunan Serena za su kira. Me yasa?

Ka samu bidiyon da aka rage wa gudu ka kalle ta. Tana tsaye a bayan layi, ta buga ƙwallo a ƙasa a nutse, ta ɗaga hannun hagu ta saki ƙwallon sama ba tare da ya juya ba, kuma kusan wuri ɗaya yake zuwa kullum. Ko tsakiya za ta aika, ko can gefe za ta kore ki daga fili, ko jikinki za ta nufa, jifan iri ɗaya ne. Yawancin 'yan wasa jifansu ke tona musu asiri, wadda ke ɗaya ɓangaren tana kallon inda ƙwallo ya nufa a sama ta san inda zai sauka, har ta fara matsawa. Da Serena babu wannan, sai raket ya taɓa ƙwallo kike sanin inda za shi, lokacin kuwa ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya rage miki.

Wannan ba a haihuwar mutum da shi. Maimaici ne na shekara da shekaru har hannu ya haddace. Tun suna yara ake sa su jifan ƙwallon Amurka mai tsini ɗin nan dan kafaɗa ta saba da juyawar da sabis ke buƙata. A Wimbledon ta 2012 sabis 102 Serena ta buga waɗanda abokan karawarta ko taɓa ƙwallon ba su yi ba, a gasa ɗaya. Kuma abun da ya fi burge ni, lokacin da take cikin matsi ne sabis ɗin ya fi zama daidai, inda wasu hannunsu ke rawa ita nan take aika shi kan layi.

Wai babanta ne ya yi komai

Wasu in ka kayar da su a maganar ƙarfi sai su koma nan, suce ai Richard Williams ne ya ƙera su ita da Venus, su dai kawai sun bi abun da aka shimfiɗa musu.

Richard ya yi ƙoƙari, wannan ba abun ja ba ne. Mutumin da bai tashi cikin tenis ba, amma ya koya wa kansa wasan ya koya wa 'ya'yansa, shi da bakinsa yace tun kafin a haife su ya rubuta tsari mai shafi 78. A 1991 ya kwashe iyali suka koma Florida wajen koci Rick Macci, sannan ya yi abun da mutane suka ce hauka ne, ya cire yaran daga gasannin ƙananan yara gaba ɗaya, yace su yi makaranta su yi atisaye, ba zai bari a ƙona masa 'ya'ya tun ba su girma ba. Ba a daɗe ba kowa ya ga yadda Capriati da ta shiga wasan ƙwararru tana shekara 13 ta gaji ta ajiye raket na wani lokaci tun ba ta kai 18 ba. Ya yi hangen nesa.

Amma ana manta mahaifiyarsu Oracene Price, wadda ita ma ta koyi wasan ta zama kocinsu, kuma lokacin da hankalin kowa ke kan Venus ita ce ke tsayawa da Serena a ɗaya filin. Dan a farko Venus ce tauraruwa, ita jaridu ke bi, Serena ƙanwa ce kawai da ke biye da ita.

Sannan uba komai tsarinsa ba ya shiga fili. Wasan Serena na farko a matsayin ƙwararriya a Quebec ta Kanada ne a 1995 tana shekara 14, aka lallasa ta 6-1, 6-1 tun a zagayen share fage. Bayan shekara biyu a Chicago, tana ta 304 a duniya, ta doke Pierce ta doke Seles a gasa ɗaya. A US Open ta 1999 kuwa sai da ta bi ta kan Kim Clijsters da Conchita Martinez da Seles da Davenport, sannan ta gama da Martina Hingis a fainal, Hingis ɗin da ake cewa babu mai wayonta a fili. Tun Althea Gibson a 1958 ba a sake samun baƙar mace 'yar Amurka da ta ɗauki irin wannan kofi ba sai ranar.

Iyaye nawa ne suka yi irin abun da Richard ya yi, suka zuba kuɗi da lokaci, yaran ko ɗari na farko ba su shiga ba? Kuma a tuna wani nauyi da babu wanda ya tsara mata yadda za ta ɗauke shi: daga French Open ta 2002 zuwa Australian Open ta 2003 ta ci manyan gasanni huɗu a jere, kuma duk huɗun yayarta ta doke a fainal, wadda suka tashi ɗaki ɗaya. Sau 9 suka haɗu a irin wannan fainal ta ci 7. Ka gama doke 'yar uwarka a gaban duniya ka koma ku haɗu ku buga wasan bibiyu tare, har ku ci kofi 14 ba a taɓa doke ku a fainal ba, wannan sai mai zuciya.

Lokutan da aka ce ta gama

Ga inda maganar ƙarfi ke rushewa gaba ɗaya, dan jikin nan da ake ta yabo sau da yawa shi ne ya ci amanarta.

A 2003 aka yi mata tiyata a gwiwa, a watan Satumban shekarar kuma aka harbe babbar yayarsu Yetunde Price a Compton. Daga nan abubuwa suka dagule mata, rauni kan rauni ga baƙin ciki, har a 2006 ta faɗo ƙasa da ta 100 a duniya, masu sharhi suka ce ta yi ƙiba, hankalinta ya koma kan kwalliya da fina-finai, ta gama. Ta je Australian Open ta 2007 tana ta 81, babu wanda ya sa ta a lissafi. Ta kai fainal ta haɗu da Sharapova wadda ke shirin zama lamba ɗaya a duniya, ta yi mata kaca-kaca 6-1, 6-2 a cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Da aka miƙa mata kofi Yetunde ta sadaukar wa.

A 2010 gilashi ya yanke ta a ƙafa a birnin Munich, tiyata biyu, tana cikin jinya kuma a farkon 2011 jini ya daskare mata a huhu, ƙiris ya rage ta rasa ranta. Kusan shekara guda ba ta buga wasa ba. A 2012 Virginie Razzano da ko cikin ɗari na farko ba ta ciki ta yi waje da ita a zagayen farko na French Open. Shekararta 30 a lokacin, shekarun da yawancin mata a tenis suke haɗa kayansu. Ita sai ta nemi sabon koci, Patrick Mouratoglou, ta gyara yadda take motsa ƙafa, ta ƙara haƙuri a cikin wasa ta rage gaggawar kashe ƙwallo, kuma daga nan ta ƙara kofi 10. Goma fa, bayan ta haura talatin, lokacin da ƙarfi ke raguwa. A cikin wannan bazarar ta 2012 ta ɗauki Wimbledon, ta ɗauki zinare a Olamfik ta Landan inda ta doke Sharapova 6-0, 6-1, ta rufe da US Open.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A Ostireliya 2003 Clijsters na gabanta 5-1 a set na ƙarshe, wato kashin ƙarshe na wasan semi fainal, sau biyu maki ɗaya ya rage a fitar da ita, ta dawo ta ci. A 2005 Sharapova ta samu irin wannan dama sau uku ba ta iya rufewa ba. A Wimbledon 2009 Elena Dementieva ta samu sau ɗaya. Duk ukun nan Serena ce ta tafi da kofin a ƙarshe. A French Open ta 2015 mura mai zafi take fama da ita, tana tari tana jan ƙafa tsakanin maki da maki, Timea Bacsinszky na gabanta a semi fainal, kawai sai Serena ta ci ƙananan wasanni 10 na ƙarshen karawar a jere. Wanda ya kalli wasan nan ya san babu wani ƙarfi a jikinta ranar.

"In da maza take bugawa fa?"

Wannan ba zan daɗe a kai ba. John McEnroe yace a 2017 in da cikin maza take da ta 700 za ta zo. Wasu kuma kullum sai sun tuno 1998 da Karsten Braasch na Jamus, yana na 203 a duniya, ya doke ta 6-1 a wasan gwaji tana shekara 16. Toh sai me? Ita kanta ta faɗa a wata hirar talabijin a 2013 cewa Andy Murray zai cinye ta 6-0, 6-0 cikin 'yan mintuna. Ba ta taɓa cewa da maza take gasa ba. Kuma ku lura masu wannan magana su ne dai masu cewa jikinta na maza ne, toh a zaɓi ɗaya mana.

24 da 23

Sai masu cewa ai ba ta kamo Margaret Court ba, mai kofi 24. Haka ne a lissafi. Amma 13 daga cikin na Court kafin 1968 ne, lokacin da ba a barin ƙwararru masu karɓar kuɗi su shiga manyan gasanni, kuma 11 a gida Ostireliya ta ci su, a zamanin da yawancin manyan 'yan wasan Turai da Amurka ba sa ma yin doguwar tafiyar zuwa can.

Ni ba rigimar wacece ta fi kowa a tarihi ce ta dame ni ba. Wanda yace Steffi Graf ce yana da hujja, kofi 22, mako 377 tana lamba ɗaya inda Serena ke da 319, ga 1988 da ta haɗa gasanni huɗun da zinaren Olamfik a shekara ɗaya, ita ma Serena ta kusa haɗa gasanni huɗun a 2015 Roberta Vinci ta tare ta a semi fainal a New York. Wanda yace Martina Navratilova ma ba zan yi faɗa da shi ba. Amma ban taɓa jin an ce Graf ƙarfi ne kawai ba, alhali ita ma dukan hannun damanta ne ya yi mata suna.

Zafin zuciyarta

Nan kam akwai inda ba zan kare ta ba. Abun da ta yi a US Open ta 2009, da ta nufi matar da ke kula da layi tana zagi tana yi mata barazana saboda an ce ta taka layi wajen sabis, kuskure ne babba kuma tarar dala 82,500 da aka ci ta ta dace. A fainal ɗin 2018 ma, ko da a ce alƙalin wasa Carlos Ramos ya tsaurara, kocinta ya amsa da bakinsa cewa ya yi mata alama da hannu, abun da doka ta hana a lokacin, ita ta fasa raket, ita ta kira alƙali ɓarawo, kuma wadda ta kwana a ciki Naomi Osaka ce, yarinya 'yar shekara 20 da ta ci kofinta na farko tana kuka ana ihu a kanta. Wannan bai yi min daɗi ba har yau.

Sai dai in za a faɗi wannan a faɗi ɗayan ma. A Indian Wells a 2001, tana shekara 19, a ƙasarta, dubban 'yan kallo suka dinga yi mata ihu tun daga farkon fainal har ƙarshe saboda Venus ta janye daga wasansu da rauni, mahaifinta yace an jefe shi da kalaman wariyar launin fata a cikin taron. Ta daure ta ci wasan, sannan ta ƙaurace wa gasar sai 2015 ta koma. A US Open ta 2004 kuma an yi mata hukunce-hukuncen zalunci a wasanta da Capriati, ƙwallo na cikin fili ƙarara a ce ya fita, har masu gasar suka ba ta haƙuri, kuma wasan nan na cikin abun da ya sa aka kawo na'urar duba layi a 2006. Mutumin da ya sha irin wannan ba abun mamaki ba ne ya dinga ganin kamar ana yi masa da gangan, ko a ranar da ba haka ba ne.

Bayan haihuwa

Kofinta na 23 da ciki ta ci shi, na kusan wata biyu, a Melbourne 2017, ba ta rasa set ko ɗaya ba a duk gasar. A watan Satumba ta haifi Olympia ta hanyar tiyatar gaggawa, washegari numfashinta ya fara sarƙewa, da yake ta san ciwon tun 2011 ita ce ta gaya wa ma'aikatan jinya cewa a ɗauki hoton huhunta a sa mata maganin tsinka jini, da farko ba a ɗauki maganar da muhimmanci ba, da aka ɗauki hoton sai ga gudajin jinin. Makonni ta yi a kwance.

Masu suka za su ce ai daga nan ba ta sake cin Grand Slam ba, Court ta ci uku bayan haihuwa, Clijsters ma uku. Gaskiya ne. Fainal huɗu Serena ta kai ta faɗi duka, Angelique Kerber da Simona Halep a Wimbledon, Osaka da Bianca Andreescu a New York, kuma a wasu cikinsu a fili take cewa nauyin neman na 24 ya danne ta. Amma Clijsters na da shekara 26 lokacin da ta dawo, Court na farkon talatin, Serena kuwa 36 zuwa 37, wata goma kacal bayan ta kusa mutuwa ta tsaya a fainal ɗin Wimbledon.

Kuma da ta dawo ta tarar matsayinta ya zube ƙasa da ta 400, ita da ta tafi hutun haihuwa tana lamba ɗaya, masu French Open ta 2018 suka ƙi sa ta cikin jerin manyan da ake warewa, kamar wadda ta yi laifi. Surutun da aka yi kan wannan na cikin abun da ya sa a ƙarshen shekarar WTA ta sauya doka, yanzu mace in ta dawo daga haihuwa tana da har shekara uku da za ta iya amfani da tsohon matsayinta wajen shiga wasu gasanni. Elina Svitolina ta haihu a Oktoban 2022 ta kai semi fainal a Wimbledon 2023, Belinda Bencic ta haihu a 2024 ta ɗauki kofi a Abu Dhabi a farkon 2025. Ita kuwa Serena ta buga wasanta na ƙarshe a US Open ta 2022 saura 'yan makonni ta cika 41, bayan ta fitar da Anett Kontaveit da ke ta biyu a duniya a zagaye na biyu, kuma sai da Ajla Tomljanovic ta shafe awa uku tana fama kafin ta iya fitar da ita.